TAKALMIN MAI JUNA BIYU: YADDA ZA KI GYARA WANDA YA YI MIKI YAWA

A ɗakin awon ciki kin saba jin bayani a kan abinci mai gina jiki, da maganin ƙarin jini, da kwana cikin gidan sauro. Darasinmu na wannan fitowar kuwa a kan ƙafarki ne da abin da kike sa mata.

Dalili shi ne, idan ciki ya tsufa ƙafa ta fara kumbura, mata da yawa sukan sayi takalmin da ya fi ƙafarsu girma, wasu ma su zura silifas ɗin maigida su fita. Da yamma takalmin ya yi daidai, amma da safe da kumburin ya saɓe sai ya yi sako-sako, yana fita ana jan sa. Irin wannan takalmi yana kayar da mutum, faɗuwar mai ciki kuwa faɗuwar mutum biyu ce. Abin da muke so ki riƙe shi ne: takalmi mai kyau yana kama diddige da bayan ƙafa, ya bar wa yatsu sarari. Idan naki ya ɗan yi yawa, akwai gyaran da za a yi masa da kuɗi kaɗan.

ME YA SA ƘAFA TAKE CANZAWA?

1. Ƙaruwar jini da ruwa. Jinin da ke jikin mai ciki yakan ƙaru da kimanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100 kafin haihuwa, jiki kuma yana riƙe ruwa fiye da da. Ruwan yakan gangaro ya taru a ƙafa da idon sawu.

2. Nauyin mahaifa. Yayin da jariri yake girma, mahaifa tana danne manyan hanyoyin da suke mayar da jini daga ƙafafu zuwa zuciya. Shi ya sa kumburin yake ƙaruwa da yamma, ko bayan doguwar tsayuwa, ko lokacin zafin bazara, sannan ya ragu bayan an kwana.

3. Sakin jijiyoyi. Jiki yana fitar da wasu sinadarai da suke sassauta jijiyoyin ƙugu domin shirin haihuwa. Jijiyoyin ƙafa ma suna sassautawa. Ga kuma ƙarin nauyi, wanda ga mace mai matsakaicin jiki yakan kai kilo 11 zuwa 16. Sai lanƙwasar tafin ƙafa ta ɗan kwanta, ƙafar ta ƙara tsawo da faɗi.

A shekarar 2013 masu bincike a Jami'ar Ayowa ta ƙasar Amurka sun fitar da sakamakon awon ƙafafun mata 49 da suka yi a farkon ciki da kuma watanni bayan haihuwa. Sun samu cewa ƙafar mafi yawansu ta ƙara tsawo da milimita 2 zuwa 10, musamman masu cikin fari, kuma ba ta koma yadda take ba. Tsakanin lambar takalmi da mai bi mata, kamar 38 da 39, bai wuce kimanin milimita 7 ba. Ke nan ba abin mamaki ba ne mace ta tashi daga lamba 38 ta koma 39.

A lura da bambancin: kumburi yana zuwa yana tafiya, tsawon ƙashi kuwa ba ya canzawa tsakanin safe da yamma. Don haka sayen takalmin da ya ɗara ƙafarki da lamba 2 ba ya maganin kumburi. Maganinsa shi ne takalmi mai maɗauri, wanda za a tsuke da safe a sassauta da yamma.

HAƊARIN TAKALMIN DA YA YI YAWA

Wani bincike da aka buga a Amurka a 2010, wanda ya shafi mata kusan 4,000, ya nuna cewa kashi 27 cikin 100 sun faɗi aƙalla sau ɗaya lokacin goyon ciki. A nan Najeriya ma, binciken da aka buga a 2014 daga Inugu ya samu kusan mace 1 cikin 3.

Mai ciki dama tana cikin haɗarin faɗuwa, domin nauyinta ya rinjaya gaba, gaɓoɓinta sun saki, kuma ciki ya kare mata ganin inda take taka ƙafa. Takalmi sako-sako yana ƙara matsalar ta waɗannan hanyoyi:

- Yatsu suna ƙanƙame takalmin don kada ya fita, sai tafin ƙafa da dambubu su gaji su yi ciwo.
- Ana jan ƙafa maimakon a ɗaga ta, sai a yi tuntuɓe da dokin ƙofa ko bakin tabarma.
- Diddige yana zamewa gefe, sai idon sawu ya lanƙwashe a yi targaɗe.
- Gogayya tana kawo bororo da kanta, fatar da ta kumbura kuwa ba ta saurin warkewa.

Wuraren da suka fi haɗari su ne banɗaki mai ruwan sabulu, da wurin alwala, da bakin famfo ko rijiya, da ɗaki mai tayil da aka goge, da matakala, da tsallake kwata lokacin damina, da hawa ko sauka daga A Daidaita Sahu, musamman idan doguwar hijabi ko zani yana jan ƙasa.

DA FARKO, GANO INDA YA YI YAWA

Ki yi wannan gwaji da safe, ki maimaita da yamma, kina tsaye kina dafe da bango ko kujera.

1. Tsawo. Ki tura ƙafarki gaba har yatsu su taɓa ƙarshen takalmin. A sa ɗan yatsan hannu a bayan diddigenki. Idan yatsa 1 ya shiga, tsawon ya yi daidai ko ya ɗan ɗara. Idan yatsu 2 suka shiga cikin sauƙi, takalmin ya fi ƙarfin gyara.

2. Diddige. Ki yi taku 10 a tsakar gida. Shin diddigenki yana fita yana komawa?

3. Bayan ƙafa. Akwai sarari tsakanin saman ƙafarki da saman takalmin?

4. Faɗi. Ƙafarki tana yawo hagu da dama a ciki?

5. Ƙasan takalmin. A juya shi a duba. Idan zanen ƙasan ya cinye ya yi sumul, ko gefe ɗaya na dunduniyar ya zaizaye, ko da ya kama ƙafa zai zame da ke.

HANYOYIN GYARA

Mu a Kano mun yi dace ta wannan fanni. Ga dukawa da masu ɗinkin takalma a Ƙofar Wambai da Kasuwar Kurmi, ga kamfanonin jima da na roba a Chalawa da Sharaɗa da Bompai, kuma da wuya ki rasa mai gyaran takalmi a unguwarku, ko a Panshekara kike ko Sheka ko Na'ibawa. Guntun fata da soso da roba ba sa wuyar samu.

A. Idan akwai sarari a sama ko ƙafa tana yawo a ciki

A sa shimfiɗa a cikin takalmin. Ki taka takarda, a zana ƙafarki, a kai wa mai gyara ya yanko soso mai tauri ko fata mai laushi daidai cikin takalmin. Shimfiɗar tana ɗaga ƙafa ta cike sararin. Kada a manne ta da gam, domin amfaninta shi ne ki sa ta da safe, ki zare ta da yamma idan ƙafa ta tasa. Idan yatsu suka takura da cikakkiyar shimfiɗa, a yanke gabanta a bar ta ta tsaya a gindin yatsu.

B. Idan diddige ne yake fita

A manna guntuwar fata a cikin bayan takalmin, inda yake taɓa diddige, a bar ɓangaren fatar mai kaushi yana fuskantar ƙafa domin ya riƙe ta. A fere bakinta ya yi siriri don kada ya ci fata. A bari gam ya bushe sosai a waje inda iska take, kwana 1, kafin ki sa.

Wata dabarar ita ce a manna ɗan soso a ƙarƙashin harshen takalmin, wato inda yake kwanciya a bayan ƙafa. Wannan yana tura ƙafa baya ta zauna a mazaunin diddige, yatsu kuma su samu sarari.

C. Idan takalmin sau-ciki ne marar maɗauri

A ɗinka masa roba mai faɗi, irin ta tela, daga wannan gefe zuwa wancan ta kan bayan ƙafa. Roba tana talewa idan ƙafa ta kumbura, ta koma idan ta saɓe. Ta kai faɗin yatsu 2, domin siririya takan nutse cikin fata. Idan kin cire takalmin kin ga zurfin sawun robar a ƙafarki, ta yi tsauri, a sassauta.

D. Idan sandal ne

A ƙara huda 1 ko 2 a jikin maɗaurin. Idan fatar ta saki saboda daɗewa, mai gyara zai iya farke ta ya rage tsawon ya sake ɗinkewa. Maɗaurin da ake mannawa, idan ya daina kamawa, a tsefe zaren da ya cushe a ciki ko a canza sabo.

E. Idan silifas ne

Silifas ba ya kama diddige ko kaɗan, shi ya sa bai dace da tafiya mai nisa ba. Idan shi ne abin da ya sawwaƙa, a ɗinka masa maɗauri na roba ta baya, kamar yadda ake yi wa na yara masu koyon tafiya. Ki zaɓi wanda diddigenki yake zaune a cikinsa, bai leƙo waje ba, bai kuma bar fili mai yawa a baya ba.

F. Idan kambas ne mai igiya

A ja igiyar tun daga ƙasa, rami bayan rami, kuma a yi amfani da ramin ƙarshe na sama, shi ne yake riƙe diddige. Tun da sunkuyo yana wahala a watannin ƙarshe, ki zauna ki ɗora ƙafa a kan kujera 'yar tsugunno, ko wani ya ɗaura miki. Kada a bar igiya tana jan ƙasa.

G. Safa

Safar auduga mai ɗan kauri tana cike ɗan sarari, musamman lokacin hunturu. Amma ban da mai matse ƙwauri, ban da ta leda mai santsi, kuma kada ki yi yawo da safa zalla a kan tayil ko siminti mai sulɓi.

Bayan kowane gyara, ki fara gwada takalmin a cikin gida na kamar minti 30. Ki cire a duba miki ƙafar. Inda ya yi ja ko yake zafi, a koma a gyara.

ABUBUWAN DA ZA A GUJE WA

- Cusa takarda, tsumma ko auduga a gaban takalmi. Sukan dunƙule, su lanƙwashe yatsu, su riƙe gumi, har su jawo ciwon tsakanin yatsu da shigar farce cikin nama.
- Take bayan takalmi a mayar da shi kamar silifas.
- Ɗaure silifas da ya tsinke da ƙusa, waya ko fil. Zai iya sake tsinkewa kina tsakiyar tafiya, ƙarfen kuma ya soke ki. Rauni irin wannan ƙofa ce ta ciwon sandarewar jiki, wato tetanus, don haka ki tabbata kin karɓi allurar rigakafinsa a wurin awo.
- Jiƙa takalmin fata ko kara shi a wuta don ya tsuke. Fatar takan ƙandare ta tsage, gam kuma ya saki.
- Aron takalmin maigida ko na 'yar'uwa, ko da zuwa banɗaki ne.

Mai ciwon suga, ko wadda aka gano mata shi a cikin nan, ta duba ƙafafunta kullum. Kowane bororo ko rauni a nuna wa ma'aikatan lafiya, kada a fasa shi a gida.

IDAN ZA KI SAYI SABO

Ko a Kasuwar Sabon Gari ne ko Ƙofar Wambai ko shagon unguwa, ki kiyaye waɗannan:

1. Ki gwada da yamma lokacin da ƙafa ta gama tasawa, kina tsaye, ƙafa biyun duka. A bi wadda ta fi girma.
2. A bar sararin da ya kai faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da ƙarshen takalmin.
3. Ya zama mai maɗaurin da ake tsukewa da sassautawa, mai faɗin gaba, mai kama diddige.
4. Dunduniyarsa ta zama gajera mai faɗi, kimanin santimita 2 zuwa 3. A ajiye mai tsini sai bayan haihuwa. Wanda ya yi falan-falan kamar takarda shi ma ba ya tallafar ƙafa.
5. Ƙasansa ya zama roba mai zane.

Idan maigida ne zai sayo, a zana masa ƙafarki da yamma a kan kwali, a yanke, ya tafi da shi ya zura a cikin takalmin. Lamba kaɗai ba ta isa ba, domin 39 ɗin wannan kamfani ba lallai ya zo daidai da 39 ɗin wancan ba.

GA MASU AIKI A KAMFANI

'Yan'uwa masu aiki a masana'antun Sharaɗa, Chalawa da Bompai, kuna yini a tsaye ko a zaune wuri guda, wani lokaci a kan daɓe mai ruwa ko maiƙo. Ku sa rufaffen takalmi mai kama diddige. Dogon takalmin roba da ake rabawa ma'aikata sau da yawa yakan yi wa mace yawa. A nemi daidai lamba, a sa masa shimfiɗa da safar auduga, a kuma shanya cikinsa kullum. Dokar masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai kamfani samar da kayan kariya da suka dace, har da takalmi, ga masu aiki cikin jiƙa ko abubuwa masu cutarwa. Ki sanar da shugabar sashenku cewa kina da ciki, domin a ba ki damar zama da ɗan zagayawa, a kuma nisanta ki da sinadarai da ɗaukar kaya masu nauyi.

RAGE KUMBURI

Ki ɗora ƙafafu a kan matashi idan kina hutawa. Ki kwanta ta gefe, musamman na hagu. Ki riƙa ɗan tattaki, kina juya idon sawu idan kina zaune. Ki sha ruwa sosai, domin rage shan ruwa ba ya rage kumburi. Kada ki sayi maganin sa fitsari a kemis, kuma kada ki sha jiƙe-jiƙe da sunan sauke kumburi.

LOKACIN DA MATSALAR BA TA TAKALMI BA CE

Takalminki ma'auni ne. Kumburin da aka saba gani yana zuwa a hankali, a ƙafa biyu, ya ragu da safe. Amma idan takalmin da ya yi miki daidai jiya ya ƙi shiga yau, kada ki tsaya neman babba. Ki zo asibiti nan take idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Kumburin fuska ko hannu, zobe ya ƙi fita, ko kumburin da ya zo farat ɗaya.
- Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko ganin walƙiya, ciwo a ƙahon zuci ko ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Waɗannan alamu ne na hawan jinin masu ciki, wanda yakan bayyana bayan mako 20, kuma zai iya kaiwa ga jijjiga. Awon jini daga 140/90 zuwa sama abin dubawa ne.
- Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumbura, dambubu yana ciwo, ya yi zafi ko ja. Zai iya zama daskarewar jini a jijiya. Kada a matsa, kada a yi tausa.
- Haki, bugun zuciya, kasa kwanciya sai an jingina, ko fari fat a ido da tafin hannu.

A sani cewa hawan jini yana iya kama mace ba tare da kumburi ba. Shi ya sa ake gwada jini da fitsari a wurin awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa.

IDAN KIN FAƊI

Kada ki yi zumbur ki miƙe. Ki juya gefe, ki durƙusa a kan gwiwa da hannu, ki dafa wani abu ki tashi a hankali. Idan ciki ya kai wata 5, ko cikin ya bugu, ki zo a duba ki a ranar ko da ba kya jin komai, domin mabiyiya tana iya ɓantarewa jini ya taru a ciki ba a gani ba. Idan kuwa akwai zubar jini ko ruwa, ciwon mara, ƙullewar ciki, raguwar motsin jariri, ko kai ya bugu, a taho da gaggawa. Ki zo da katin awonki. Wadda jininta yake da alamar nagetif ta faɗa wa likita, domin akwai allurar da ake so a yi mata cikin awa 72. Kada a kai ki wurin mai ɗori ko a murza cikin, kuma kada ki sha maganin ciwon jiki irin su ibuprofen ko diclofenac ba da izinin likita ba.

BAYAN HAIHUWA

Kumburi yakan ɗan ƙaru a kwanakin farko, sannan ya sauka cikin mako 1 zuwa 2. A nan ne takalmin da kika saya da tsohon ciki zai fi yi miki yawa, daidai lokacin da kike ɗauke da jariri, kina shiga banɗaki mai ruwan zafi don wankan jego. Ki maimaita gwajin da muka koya, a ƙara huda ko shimfiɗa. Ranar suna ma a haƙura da takalmi mai tsini. Kada ki yi gaggawar sayen mai tsada sai ƙafar ta zauna bayan wasu watanni.

Idan kuwa kumburin yana ƙaruwa bayan haihuwa, tare da haki ko tari cikin dare, ki dawo asibiti ba tare da jiran arba'in ba. Ciwon zuciya na masu jego ya yawaita a arewacin Najeriya, kuma yana da magani idan an zo da wuri. Hawan jini da daskarewar jini ma suna iya tasowa a makonni 6 na farko.

SAƘO GA MAIGIDA DA IYAYE

Maigida, wannan aiki naka ne. Mai tsohon ciki ba ta ganin ƙafarta sosai. Ka juya takalmanta ka duba ƙasansu, ka kai wa mai gyara, ka tanadar mata silifas na banɗaki nata na kanta mai zane a ƙasa. A kankare gansakuka a bakin rijiya da makwarara, a tanadi fitila a hanyar banɗaki, tun da takan tashi fitsari sau da yawa cikin dare. Iyayenmu mata da surukai, idan kuka ga fuskarta ko hannunta ya kumbura, kada a ce alamar tagwaye ce ko girman jariri, a kawo ta a gwada jininta. Kuɗin gyaran takalmi bai kai na kwana 1 a gadon asibiti ba, rigakafi kuwa ya fi magani.

Uwargida, ranar awonki mai zuwa ki zo da takalmin da kika fi sawa, ki nuna wa ungozoma ta duba miki shi tare da ƙafarki. Allah Ya raba lafiya.